Neman Maryam Mai Kitso, Daga Paris Zuwa Lyon

Unguwar da muka sauka sunanta Clichy-sous-Bois, amma Innata har yau Kilishi take ce mata, tana tambayata ko da gaske nama ya yi araha a can. Ni dai ban taɓa ganin kilishi ko yanki ɗaya a wurin ba. Abin da na gani benaye ne dogaye, duk kamarsu ɗaya, da asansar, na'urar hawa bene, mai aiki ranar da ta ga dama. In ta ƙi, sai in goya Ummi, in saɓa keken da nake tura ta a ciki a kafaɗa, in hau matakala ina hutawa kamar tsohuwa.

Ɗaki ɗaya muka kama a gidan Hajiya Ashta, mutuniyar Cadi mai sayar da turaren wuta da lafaya. Mu uku a ciki: ni, da mijina Malam Lawali, da ƴarmu Ummi, wadda sunan mahaifiyarsa gare ta, shi ya sa ba na faɗin sunanta na yanka. Karatu ya kawo Malam Faransa, mu kuma muka biyo shi daga baya. Ni lakwal ban yi nisa ba, a aji huɗu na tsaya, lokacin da ciwon ido ya kama Inna na koma riƙe gida. Abin da na iya shi ne kitso, da ɗan abin da na samu na Alƙur'ani a wurin Baba, wanda yake limamin wani ƙaramin masallaci a Birnin Damagaram.

In an tambaye ni me Malam yake karantawa sai in ce tarihi, don haka ya gaya wa kowa a gida. Amma na lura da littattafansa. Daga dama ake buɗe su kamar na Larabci, sai dai baƙaƙen ba su da lanƙwasa, kamar an jera bulo. Ba ya ajiye su a ƙasa, ba ya kuma haɗa su da Alƙur'ani wuri ɗaya. In na shigo da abinci sai ya kife wanda ke gabansa. Sau ɗaya na tambaya, ya ce tsohon rubutu ne, ban ƙara ba. Kusan kowane mako kuma yana tafiya Lyon, wai malamarsa tana can.

Wata safiya ina wanke kayan Ummi a bayi, ƙofa a ɗan buɗe, na ji shi a baranda yana waya, Hausa da Faransanci a haɗe. Da mace yake magana, don “ke” yake cewa.

“Ke kin ce ita ce, ni na ce ba ita ba ce. Maryam mai kitso daban take. Wallahi matar nan ta hana ni barci.” Ya saurara, sai ya yi dariya, irin wadda rabon da in ji ta tun muna gida. “Ai mijinta kulle ta yake yi in zai fita, kin manta?”

Na tsaya da rigar yarinya a hannu, ruwa yana zuba. Mace ce, matar wani ce, kuma mai kitso. Wannan na ƙarshe ya fi ci mini rai. Da ya ce likita ce ko malamar jami'a, da na ce to, ta fi ni. Amma kitso? Abu ɗaya da nake taƙama da shi a duniya, a nan ma an samu wadda ta sha gabana. Ita kuwa ta cikin wayar na ɗauka ƴar aike ce tsakaninsu.

A cikin makon nan ne ya zaunar da ni bayan la'asar, ya ce ya yi tunani, ɗakin ya yi mana kaɗan, aikinsa ya kai wurin da yake bukatar natsuwa. Gara in koma Damagaram ni da Ummi kafin sanyi ya dawo, in zauna wurin Inna har ya gama. Na tambaye shi yaushe zai gama, ya ce Allah ne masani. Na san mata biyu a unguwarmu da aka mayar gida da irin wannan magana. Ɗaya har yanzu tana jira, ɗanta ya shiga lakwal bai san fuskar ubansa ba sai a waya. Na ce masa to. Bakina ne ya ce to, don ban saba ce masa komai ba sai shi.

Daga ranar na fara neman Maryam.

Hajiya Ashta ta ce masu kitson Paris duk a Château d'Eau suke. Na koyi shiga jirgin ƙasa da metiro, wato na ƙarƙashin ƙasa, ni kaɗai, ina riƙe da keken Ummi da hannu biyu, ina karanta duk addu'ar da na sani, don a ganina ƙofar nan za ta rufe da yarinyar a ciki ni ina waje. A bakin metiron samari ke tare mata suna jan su zuwa shaguna. Na bi ɗaya. Faransancina bai wuce gaisuwa da sayen burodi ba, sai in ce “Mariam, kwafez?” in yi alamar kitso a kaina.

Ashe Maryam ba ta ƙirguwa a garin nan. Na samu ƴar Mali mai furfura, tana kitso tana jan carbi da ɗan yatsa. Na samu ƴar Gine mai tsohon ciki. Na samu wata ƴar Kodibuwa da sunanta Mari, amma abokan aikinta Mariyam suke ce mata don tsokana. Ba fuskarsu nake fara kallo ba, hannu nake kallo: yadda take tsaga, yadda take kama gashin goshi. In na ga wadda tsagarta ta miƙe sai zuciyata ta yi zafi, in ce ita ce. Sai in tambayi ko mijinta yana kulle ta, ta bakin duk wanda ya ɗan ji Hausa. Ɗaya ta yi dariya har ta saki kan da take kitsawa, ta ce namijin da zai kulle ta ba a haife shi ba. A wani shago mai wurin ta ce in gwada hannuna ta gani. Na wuni a tsaye ina yarfa wa wata ƙananan kitso, Ummi tana barci a kan tarin gashin roba. Da yamma ta yaba, ta ce in dawo gobe a yi magana. Da na dawo ta yi kamar ba ta taɓa ganina ba.

Duk abin da ya faru sai in ɗauki waya in aika wa Inna saƙon murya. Tun ina ƙarama ban iya ɓoye mata komai ba, a ƙasar nan kuwa muryarta ce kaɗai abin da nake da shi. Na gaya mata zancen Maryam ina kuka. Ta ce in riƙe addu'a, kada in bari Baba ya ji.

Hajiya Ashta ce ta gaji da ganina ina dawowa da ƙafa a kumbure. Tana gauraya turare ta ce, “Ƴata, Maryam a Paris ta fi tantabara yawa. Ina mijinki yake zuwa kowane mako? To can za ki neme ta.”

Ba ni da katin banki, ban kuma iya sayen biye, tikitin tafiya, a waya ba. Wata mai zuwa sayen turare ta ce a Porte de la Chapelle akwai direbobi masu ɗaukar mutane zuwa Lyon hannu da hannu. Na jira Malam ya tafi, washegari na goya Ummi na fita.

Ban taɓa ganin wuri irin wannan ba. Tituna a kan tituna, motoci suna gudu a bisa kanka, mutane kwance ƙarƙashin gada kan kwalaye, wasu suna sayar da takalma da sigari a ƙasa. Ina tsaye ina waige-waige wani ya yi mini sallama da Hausa tsantsa. Ya tambayi mutanen gida, ya yi wa Ummi wasa, ya ce shi ma ƙanwarsa tana aure a Damagaram. Jin Hausar nan kawai ya sa na saki jiki. Ya ce mota tana nan baya, in kawo kuɗin ya kama mini kujerar gaba saboda yarinya. Na kwance bakin zane na ba shi abin da na tara na kitson maƙwabta. Ya tsallaka titi, har ya waigo ya ɗaga mini hannu.

Na tsaya a wurin har inuwar gadar ta juya. Ummi ta cinye burodin da na taho da shi ta fara kuka. Ban yi tunanin kuɗin ba kamar yadda na yi tunanin cewa yanzu haka Maryam tana zaune cikin inuwa, wataƙila ma tana dariya da mijina, ni ina nan hayaƙin mota yana shiga idon ƴata.

Wata mata ce ta sauko daga farar motar kaya ta nufo ni. Ta ce tun ɗazu take kallona, mutumin da na ba kuɗi kowa ya san shi a wurin, jiya ƙanwarsa a Marwa take aure. Sunanta Hajiya Dudu, ita da mijinta Alhaji Bello mutanen Garwa ne ta Kamaru, sun zo sarin atamfa za su koma Lyon. Ba ta tambaye ni abin da zai kai ni ba. Ta gyara kujerar jikanta da ke motar ta ɗaure Ummi a ciki, ta miƙo mini dafaffen ƙwai da ruwa.

Hanya ce doguwa mai santsi, babu rami ko ɗaya, babu kuma mai talla a gefe. Gonaki kore shar, shanu farare masu ƙiba ba makiyayi. Alhaji yana tuƙi yana sauraron karatu. Sai da muka tsaya salla a wani gidan mai, muka shimfiɗa kwali bayan mota, sannan na gaya wa Hajiya Dudu komai. Ta ce maza duk haka suke, ban da nata, shi ma don tana tare da shi a mota ne. Alhaji ya ji, ya ce Allah ya shirye ta.

A Minguettes suke zaune, can gefen Lyon, benaye irin na Clichy sai dai a kan tudu. Ban san inda Malam yake sauka ba. Alhaji ya ce masu jin Hausa a garin ba su da yawan da mutum zai ɓata. Da safe ya kira wannan, ya kira wancan, har ya samu wani ɗalibi ɗan Tawa. Wayar a buɗe take, na ji yaron ya ce, “Wane Lawali? Au, Lawali Bayahude? Ai yau yana Villeurbanne, gidan tsohuwar nan.”

Alhaji ya yi sauri ya kashe muryar. Ni kuwa na riga na ji. Wato Maryam ɗin ma Bayahudiya ce, har abin ya zama suna.

Hajiya Dudu ta raka ni a taram, jirgin kan titi, da metiro har ƙofar benen, ta ce za ta jira a ƙasa, in ta ji ihu za ta hau. A jikin ƙofar gidan akwai wani ɗan abu da aka kafa a karkace, kamar laya. Na danna ƙararrawa. Wata gajeriyar tsohuwa ta buɗe, da ɗankwali a kanta irin ɗaurin tsofaffinmu. Ta dube ni, ta dubi goyona, ta yi mini maraba da Larabci. Daga baya na ji a Maroko aka haife ta.

Daga bakin ƙofa na hango tebur cike da manyan littattafai. Ga Malam ya naɗe hannun riga. Kusa da shi wata budurwar mace baƙa, da tabarau, kanta ba ɗankwali, gashin a tsefe ba kitso. Ban ko dubi Malam ba, na nufe ta.

“Ke ce Maryam?”

“A'a, Saratu nike, ɗiyar Maradi. Ke ce maman Ummi? Sannu da zuwa.”

Ko da yake ban taɓa jin muryarta ba, jikina ya ba ni. Ita ce ta cikin waya. Na ce, “To ina Maryam mai kitson? Wadda mijinta yake kullewa. Na zo in gan ta.”

Malam ya miƙe ya koma ya zauna. Saratu ta toshe bakinta da hannu, kafaɗunta suna rawa. Tsohuwar ta tambayi abin da na ce, aka fassara mata. Ita ba ta yi dariya ba. Ta kama hannuna ta kai ni gaban wani littafi da faɗinsa ya kai faranti, ta bi layi da yatsa ta tsaya a kan wasu baƙaƙe.

Saratu ta ce, “Ga ta nan. Ta rasu tun kafin a haifi Annabinku da ɗaruruwan shekaru.”

Ban san lokacin da na zauna ba. Madam, haka suke kiran tsohuwar, ashe ita ce malamar Malam, ta kwance Ummi daga bayana ta ba ta biskit, ta sa aka gaya mini kada in damu, naman alade bai taɓa shiga gidanta ba. Saratu ce ta yi mini bayani, a hankali, kamar mai koya wa yaro hanya.

Ta ce littattafan nan na malaman Yahudawa ne na zamanin dā, sun tara shari'o'insu da hirarrakinsu a ciki. A wasu wurare kaɗan ana ambaton wani mutum da sunansa ya yi kama da na Annabi Isa a harshensu, ba kuma da alheri ba. A wani wurin ana zancen wani da uwarsa Maryam ce mai yi wa mata kitso, ana jifanta da maganar da ba ta da daɗin ji. Shekara da shekaru masana suna gardama: Annabi Isa da mahaifiyarsa ake nufi, ko wasu ne daban masu irin sunan? Wannan gardamar ita ce karatun mijina.

Na ce a'uzu billahi, na janye hannuna daga teburin. Nana Maryam? Wadda in Baba ya kai surarta a tafsirin azumi sai muryarsa ta karye? Na dubi Malam, ya sunkuyar da kai.

Saratu ta ce in kwantar da hankalina, mijina yana cikin masu cewa ba ita ba ce. Hujjarsa zamani bai haɗu ba: mijin da aka ba wannan Maryam ya rayu kusan ƙarni ɗaya bayan Annabi Isa, wani mai irin sunan Annabin kuma da aka ambata ya riga Annabin da kusan haka, sunayen kuwa a lokacin kowane gida akwai su. Ita Saratu ce mai cewa Annabi Isa da mahaifiyarsa ake nufi. A ganinta malaman sun ji abin da Kiristoci ke faɗa, suka mayar da martani a lulluɓe, ba su damu da lissafin shekaru ba, har suka cakuɗa Maryam biyu, don kalmar “mai kitso” a harshensu ta yi kama da sunan garin wata Maryam da ke cikin mabiyan Annabi Isa. Abin da ya ɗaure mini kai, Saratu Kirista ce. Na tambaye ta yaya take so a ce wanda take bauta wa aka zaga. Ta ce ba so take ba, amma zagi ma shaida ne cewa sun san da shi.

Madam ba ta goyi bayan kowa ba. Ta sa aka gaya mini cewa an taɓa tara malamansu na Yahudawa a gaban sarki a Paris, aka yi musu wannan tambayar. Babbansu ya ce ba Annabi Isa ba ne, suna ɗaya ba ya nufin mutum ɗaya. Ba a karɓa ba, aka loda littattafan a amalanke aka ƙone su a filin da babbar ma'aikatar magajin gari take yanzu. Daga baya wasu suka riƙa goge wuraren saboda tsoro, wasu suna mayarwa, har ya zama da wuya a san abin da aka fara rubutawa. Filin nan na san shi, na bi ta cikinsa ina tura keken Ummi ina neman tawa Maryam ɗin. Madam ta ce shi ya sa in an tambaye ta ita ce ko ba ita ba ce, ba ta saurin amsawa.

Sai ta ɗan yi murmushi, ta ce a gaya mini ba ni na fara kuskure a kan matar nan ba. A cikin littattafan akwai labarin da aka aiki manzon mutuwa ya ɗauko ran Maryam mai kitso, ya je ya ɗauko na Maryam mai renon yara, don kalmar ɗaya ce a harshensu. Saratu da Malam suka yi dariya. Ni kuwa na jawo Ummi na rungume, don ni duka biyun nake yi.

Azahar ta yi, Madam ta kai ni ɗakinta ta nuna mini gabas. Da na idar na aika wa Hajiya Dudu cewa babu ihu, ta koma gida. Na zauna a kujerar gefe ina jira su tashi. Nan ne abin ya same ni da gaske.

Sun koma gardamarsu, suka manta da ni. Saratu ta buga tebur, ta ce masa yana cewa ba ita ba ce don zuciyarsa ba ta so, ba don ya gani a rubuce ba. Na zaci zai yi fushi. Sai ya ce wannan tsoron ne yake hana shi barci, ya jawo wani littafi ya ce ta karanta nan. Idonsa yana ƙyalli. Yana magana da hannu biyu, yana katse ta tana katse shi. Shekarunmu tare ban taɓa ganin wannan fuskar ba. A gida mutum ne mai “sannu” da “Allah ya yi albarka”. Ni ban taɓa yi masa gardama a kan komai ba, ban ma san yana so ba.

Da Maryam mai rai ce, da na san abin yi. Da na fi ta tsaga, na fi ta girki, ko in kai ƙara wurin manya. Amma wa zan kai wa ƙarar matar da ta zama baƙaƙe a takarda? Saratu kuma ba ta yi mini komai ba. Tana da mijinta, ma'aikacin asibiti ne a wani gari kusa, sai da na tabbatar kafin mu fita. Sanin haka bai rage mini komai ba. Ba mijina take so ba, amma tana da shi ta inda ni ban taɓa samu ba.

Da muka fito muka zauna a wani benci bakin kogi, Ummi tana bin tantabaru. Ya fara faɗan yadda na yi kasada da yarinya a hanya. Na bar shi ya gama, sannan na tambaye shi me ya sa ya ce tarihi.

Ya ce ai tarihi ne. Sannan ya ce tsoron Baba yake. Ɗalibai suna ce masa Bayahude da wasa, amma in maganar ta isa Birni ba wasa za ta zama ba. A ce surukin liman yana Turai yana karanta littattafan da wasu ke cewa an taɓa mutuncin Nana Maryam a ciki, wa zai tsaya ya ji cewa shi yana cewa ba ita ba ce? Baba zai iya cewa a raba auren. Ni kuma duk abin da ya shiga kunnena da safe, kafin azahar yana kunnen Inna. Ya ce ya gaji da kife littafi in na shigo, mutum ba ya iya aiki yana ɓoyo a ɗaki ɗaya.

“Wato ka gwammace ka mayar da ni gida da ka gaya mini.”

Ya kau da kai wajen kogi, na ƙara masa.

“Ka gwammace in zaci matar wani kake bi.”

“Ban san kin zaci haka ba, Zuwaira.”

“Ba ka dube ni ba ne. Tun yaushe nake dawowa da ƙafa a kumbure.”

Ban taɓa yi masa magana haka ba. Na ce ba zan koma Damagaram ba. Na ce kuma ya daina kife littafi, in ya dawo ya gaya mini abin da ya samu, da Hausa, yadda yake gaya wa Saratu, ko na gane ko ban gane ba. Sannan ya ce ya yarda, da sharaɗi ɗaya: Inna ba za ta ji ba. Ba yau ba, ba gobe ba, har sai ya gama ya je ya zauna gaban Baba da kansa.

Shi a wurinsa ƙaramin abu ya roƙa. Ni na san abin da ya roƙa. Na dubi Ummi, na tuna yaron nan na unguwarmu da ya san ubansa a waya kawai. Na ce na yarda.

Kafin mu tashi na tambaye shi, tsakaninsa da Allah, ita ce ko ba ita ba ce. Ya ce a ganinsa ba ita ba ce, amma bai gama tabbatarwa ba, kuma ba zai rubuta abin da bai tabbatar ba. Ko ma ita suke nufi, faɗarsu ce kawai, wadda Allah ya wanke babu mai ɓata ta. Wannan ya ɗan sanyaya mini rai.

Yanzu a Minguettes muke, Alhaji Bello ya samo mana ɗaki biyu kusa da su. Malam yana cika alkawari, wani lokaci har in yi gyangyaɗi yana lissafa mini malaman da suka mutu tun kafin a kafa Damagaram. Saratu tana zuwa in yi mata kitso. In wayar Malam ta shigo mata suka fara gardamarsu kanta yana tsakanin gwiwoyina, har yanzu sai in ƙara jan gashin, ta kan ce hannuna ya cika zafi.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wayar da na yi da Inna washegarin ranar, a barandar Hajiya Dudu. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta tambaya ko na gan ta.

“Na ga inda take, Inna. Ta rasu.”

Na ji ta ja salati. Can bayanta akuyarmu tana kuka. Ta tambayi yaushe, na ce an kwana biyu. Sai ta rage murya, yadda take yi in Baba yana zaure.

“Zuwaira, ni fa ce wa wani malami a garin Mirya na yi a raba su kawai. Ban ce a kai ta nan ba.”

Dariya da kuka suka taso mini tare. Labarin duka yana bakina, da tsohuwar, da littafin, da filin da aka ƙona su, na san yadda zan ba ta shi har ta riƙe ciki. Na haɗiye. Na ce ba aikin malaminta ba ne, ta kwantar da hankalinta, kwanan matar ne ya ƙare. Ta yi mata addu'a, ta tambayi yaushe za mu taho, ta riga ta sa an share mini ɗaki. Na ce ba za mu taho ba, Malam ya fasa.

Ta ɗauki maganar a hankali, kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa.

“Muryarki ta sake. Akwai abin da ba ki gaya mini ba.”

“Sanyi ne, Inna. Sanyin ƙasar nan ne ya kama ni.”

Ranar kuwa rana ake ƙwallawa a Lyon, har Hajiya Dudu ta shanya barkono a gabana.